Sarkin Igiya da Ƙwaryar Gwaggo

Ni dai karatun boko leƙa shi kawai na yi, kamar yadda mutum kan leƙa gidan biki ya tarar ba a fara rabon abinci ba ya juya. Saboda haka duk wanda ya zo neman ilimin kwamfuta a nan, ya yi haƙuri ya ƙara gaba. Abin da zan bayar tarihin yaƙi ne, yaƙin da na yi da taubashina a unguwar Kurayyat ta Jidda, kuma ina so a rubuta a ajiye cewa ni na ci.

Taubashin nan nawa ɗan Gwaggo ne, ƙanwar mahaifina. Ita Gwaggo tun tana amarya ta biyo mijinta ta ƙasa, ta Sudan, suka tsallako teku, a nan Jidda ta haife shi. Ni kuwa aikin hajji na zo da ƙuruciyata, jirgi ya tashi ban ji kira ba, na sami keken ɗinki a wani lungu na Bab Makka na zauna. Ga shi gemu ya yi fari ban gama ɗawafin bankwana ba. Shi yana da iƙama, wato takardar zama, yana da kafili, ɗan ƙasa da ya tsaya masa, yana da Larabci mai fitowa ta maƙogwaro. Ni iƙamata tana wajen Ubangiji. Don haka benen da muke haya da sunansa aka kama, layin tarho ma da sunansa aka ja. Amma ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, ka ga ke nan bawana ne tun ranar da aka yanke masa cibiya. Ina kiransa bawa, yana kirana ɗan takari, haka muka tsufa.

Da intanet ta shigo gidan, sai aka bi kowane ɗaki da igiya shuɗiya. Suna hawa ta manwar, wato ramin nan na tsakiyar gini da ake bari don iska da haske, suna cakuɗe da robobin ruwan mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, kowace ta shige ta tagar mai ita. Gindinsu kuwa duk wuri ɗaya suka haɗu, a wani ƙaramin akwati mai ramuka da ke ƙarƙashin teburin talabijin ɗin taubashina. Ban san ranar da Shaiɗan ya nuna masa cewa igiyar nan ana iya zare ta da yatsa biyu ba. Daga ranar dai muka sami sarki a gidan.

In matar mai wankin mota da ke can sama ta soya daddawa wari ya sauko, a zare tasu. In 'ya'yan Bazabarmen da ke gefenmu suka buga ƙwallo a matattakala, a zare tasu. Sai mutum ya sauko ya tsaya a bakin ƙofa, ya yi gaisuwa, ya tambayi lafiyar iyali, ya yabi shayi, sannan sarki ya sunkuya da nishi ya mayar, yana cewa, “Halas, halas, don Allah na yi, ba don ku ba.”

Ni da farko dariya abin yake ba ni. Amma igiyarmu ba irin ta sauran ba ce. Ɗanmu, wanda a nan aka haife shi, askarawa sun tare motar da yake ciki wata rana da hantsi, aka kai shi tarhil, gidan da ake tara waɗanda za a kora daga ƙasa, aka sauke shi a Kano, garin da a tatsuniya kawai ya san shi. Ya zauna can, ya yi aure. Mu in muka bi shi babu dawowa, shi kuma ba shi da hanyar zuwa. Uwarsa ba ta sake dafa kafaɗarsa ba. Abin da ya rage mata shi ne wata tsohuwar kwamfuta mai ƙugi kamar injin markaɗe, da ɗan idon da aka ɗora a kanta. In ya ari ta abokinsa can, sai su ga juna, hoton yana tsayawa yana tafiya, ita kuma tana ta yi masa faɗa a kan ya rame.

To, ana cikin haka aka yi wani ɗaurin aure a unguwar Karantina. Taubashina ya sha baƙin rini a gemu, ya sa farar tob mai guga, ya zo yana taku kamar shi ya gina birnin. Wanda bai san zafin Jidda ba ba zai gane ba: iska ce mai jiƙa mutum ko yana tsaye a inuwa. Ba a kai ga fatiha ba gumi ya fara aikinsa. Rinin nan ya biyo wuya, ya sauko ƙirji, ya zana masa layuka a farar riga. Ni kuwa a matsayina na ubangidansa, haƙƙi ne a kaina in sanar da jama'a. Na miƙe na ce, “Jama'a, a kawo kwano, gemun bawana na zuba, kada a yi asara.” Har limamin sai da ya rufe baki da gefen rawani. Wannan kowa ya sani aikin taubashi ne, ban ƙara ba ban rage ba.

Taubashina ya yi murmushi, ya jira.

Matar ɗanmu ta haihu, namiji, jikanmu na fari. Aka shirya ranar suna za a ajiye kwamfuta a tsakar gida can Kano, mu ga rago, mu ga jariri, uwargida ta yi yinin suna da mata ta cikin gilashi. Ta yi lalle. Ta ciro atamfar da take ɓoyo a ƙasan akwati. Ta dafa shinkafa ta gayyato matan gidan, suka cika mana ɗaki da turare da guɗa. Hoto ya fito, muka ga tabarmi, muka ga ƙafar wani, muka ji ɗanmu yana cewa, “Umma, ga shi nan za a kawo miki shi.” Aka taho da wani abu a naɗe cikin farin zane. Sai hoton ya daskare. Zanen kawai muka gani.

Na sauka da gudu, irin gudun da gwiwa ta yarda da shi. Ƙofar falon taubashina a kulle. Matarsa tana sama a ɗakina cikin mata, ta ce wallahi ya ce mata zai tafi Makka yin umara, mukullin ma yana aljihunsa. Umara! Mutum ya zare igiyar bayin Allah sannan ya je ya yi ɗawafi.

Matan suka ci shinkafa shiru, suka watse ɗaya bayan ɗaya. Uwargida ba ta yi kuka a gabansu ba. Ta zauna gaban gilashin nan da lallenta, tana kallon farin zane, har kwamfutar ta gaji ta yi duhu.

Na kai ƙara wajen dattawan masallacinmu. Suka saurare ni da kyau, suka gyaɗa kai, babbansu ya ce, “Alhaji, ba taubashinka ba ne?” Na ce shi ne. Ya ce, “To, ai wasa ne. Kai da ka zubar masa da gemu a bainar jama'a wa ya kai ka ƙara?” Aka yi dariya aka tashi. Nan ne masifar taubasantaka take: ba a fushi a cikinta. Wanda ya ɓata rai shi ya faɗi. In an cuce ka, sai dai ka rama da dariya a fuskarka.

Da taubashina ya dawo daga umara da kansa a aske, sai ya kafa sharaɗi. Igiyarmu ba za ta koma ba sai na tsaya a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a na ce gemunsa na Allah ne, baƙi ne tun asali.

Na ce, “In yi ƙarya a ƙofar masallaci? Bawa, ka ji tsoron Allah.”

Ya ce, “Ya shekh, ala kefak, yadda ka ga dama. Igiya tana nan, ba ta ruɓewa.”

A sama kuwa wani yaƙin ne. Uwargida ta daina yi mini magana sai ta dole. Rannan tana miƙo mini abinci ta ce, “Malam, in tambaye ka. Girman kanka da jikanka, wanne ya fi nauyi?” Na ce ba girman kai ba ne, siyasa ce. Ta ce, “Yaron nan zai yi haƙori ban ga fuskarsa ba, kana nan kana siyasa.” Tarho muna yi, amma jariri ba ya magana, kuma ba a ganin kumatu ta tarho. Maganarta ta zauna mini a ƙirji. Na san in na durƙusa sau ɗaya igiya za ta dawo, amma za ta sake fita ranar yaye, ta fita ranar sallah, ta fita duk ranar da sarki ya tashi da ciwon kai. Abin da nake nema shi ne uwargida ta ga jikanta ba tare da izinin kowa ba.

Kusa da inda nake sayen zare akwai wani Bangali mai gyaran kwamfuta. Na sha wucewa ta gabansa ban kula ba. Ran nan sai na gan shi zaune a bakin shago, kwamfuta a cinya, yana hira da wata mata a gilashi, kuma babu igiya ko ɗaya. Na zagaya bayansa na duba. Na leƙa ƙarƙashin kujera. Ya ɗauka ni ɓarawo ne.

Larabcinsa karyayye, nawa gurgu, amma muka fahimci juna. Ya nuna mini wani farin akwati mai ƙaho biyu a kan kanta, ya ce wannan shi ke watsa abin cikin iska. Na ce a naɗe mini shi yanzu. Ya ce in dakata: akwatin ba ya haifar intanet da kansa, sai an soka masa igiya mai rai a baya, kamar saniya ce, sai ta ci take ba da nono. Ga shi tawa igiyar gawa ce. Na tsaya ina lissafin igiyoyin gidanmu. Ta mai wankin mota takan mutu. Ta Bazabarme takan mutu. Sai na tuna da guda ɗaya da ba a taɓa zarewa ba tun da aka ja ta.

Taubashina ya ajiye wa mahaifiyarsa kwamfuta a ɗakinta, ba don ta iya ba, sai don a kunna mata tafsiri da gidajen rediyon gida. Tana kiranta akwatin malamai. Ɗakin nata kuwa daidai ƙarƙashin namu yake, tagoginmu duka suna kallon manwar.

Bangalin ya shirya komai a shagonsa. Ya ce igiyar da ta fito daga bango in soka ta a ɗaya daga cikin ramukan nan masu kala ɗaya, ramin da ya bambanta kuwa kada in kusance shi, har ya liƙe shi da salatif don ya ga alamar ni mai taɓe-taɓe ne. Ya ba ni wata gajerar igiya da za ta tashi daga akwatin zuwa kwamfutar Gwaggo, don kada malamai su yi shiru. Ya ba ni wani abu kamar ɗan yatsa da zan soka a tamu kwamfutar, shi ne kunnen da zai riƙa jiyo iskar. Ya sa kalmar sirri. Sannan ya ce, “Wane suna za a sa masa?”

Na ce, “Suna kuma? Har da raɗin suna?”

Ya ce ai duk mai jawwal, wato wayar hannu, ko kwamfutar da ke kama iska, in ya zo kusa, zai ga sunan ya fito masa, ko da ba shi da kalmar shiga.

Na ce, “Kowa da kowa?”

Ya ce kowa.

Jama'a, akwai lokutan da bawa yake gane cewa Allah bai manta da shi ba. Na karɓi biro na rubuta masa da ɗan bokon da na tsira da shi, harafi bayan harafi, ina ciza harshe: GEMU NA ZUBA. Ya tambaye ni ma'anarsa. Na ce addu'a ce ta mutanenmu.

Na sami Gwaggo da rana, lokacin da ɗanta ya fita aiki. Na durƙusa na gaishe ta, na kwance ƙunshi, na fara dogon bayani. Ita ce ta goyi ɗan namu yana ƙarami, kuma tana cikin matan da suka ci shinkafar nan shiru. Ba ta bari na kai ƙarshe ba.

Ta ce, “Kai ɗan nan, ni tsohuwa ce, idona ba ya gani. In ka ajiye wani abu a ɗakina ban gani ba. In ka ɓoye shi da kyau ma, na fi rashin gani.”

Muka duba maɓoya. Gwaggo tana da jeren kwanoni irin na da, an tsara su har kusa da rufi, babu mai taɓa su sai ita. Ta nuna wata babbar kwalla mai fure, ta ce tun da aka kawo ta gidan nan ko ɓera bai san cikinta ba. Na kwantar da ƙahonin, na zura akwatin ciki, na fito da igiyoyin ta baya, na kifa murfi ruf, har na ɗora wata tasa a kai don ƙarin tsaro. Na hau sama ina jin kaina kamar injiniya.

Babu komai, iskar ba ta iso ba. Na soka ɗan yatsan, na zare, na hura masa iska, na mayar. Na juya kwamfutar ta kalli gabas. Uwargida tana tsaye da hannu a ƙugu, ta ce, “Siyasar ce wannan?”

Washegari na dira a shagon Bangali da faɗa, na ce ya sayar wa dattijo gawa. Ya gwada a gabana, abu ya kama nan take. Ya ce a ina na ajiye shi? Na kwatanta masa kwalla da hannu, na ƙwanƙwasa ƙofar shagonsa ta ƙarfe don ya gane irin jikinta, na nuna yadda na rufe da murfi na danne. Mutumin nan ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ya kira maƙwabcinsa ya ba shi labari da yarensu, shi ma ya zauna. Ashe abin ba ya ratsa ƙarfe. Na ce to me ya sa bai faɗa ba? Ya ce tun da yake sayar da akwatin nan ba a taɓa samun wanda ya sa shi a tukunya ba. Na ce bai taɓa sayar wa mai taubashi ba ne.

Gwaggo ce ta warware matsalar. Ta sa na sauko mata da wata tsohuwar ƙwarya daga saman kabad, ta yi baƙi don tsufa, an ɗinke tsaginta da zare. Da ita ta sha ruwa a hanyar Sudan. Muka sa akwatin a ciki, muka ɗora a kan taga ta wajen manwar, muka rufe da faifai. Duk wanda ya gani zai ce fura ce ake jira ta yi tsami.

Na hau. Kafin in zauna na ga sunan ya fito a gilashi, da 'yan sanduna a gefensa. Na buga wa ɗanmu tarho na ce ya nemo kwamfutar abokinsa. Da la'asar aka ɗago mana yaron. Ya riga ya yi wuya, yana da kumatu kamar an cusa masa alkaki, kuma kunnuwan nan nawa ne, babu gardama. Uwargida ta kai hannu ta shafa gilashin. Ta ce, “Kai, maigidana, sai yau?” Daga nan ta shiga yi masa kirari, tana kuka tana dariya, tana ce wa uwar ta gyara masa riƙo. Ni na fita matattakala na tsaya, don hayaƙin girkin maƙwabta ya shiga mini ido.

Mai hankali zai ce a nan ya kamata in tsaya. Ni ban ce ina da hankali ba.

Na ci gaba da sauka wajen sarki kamar yadda aka saba. In tsaya a bakin ƙofa in langaɓe kai.

“Bawa, ka dubi Allah ka mayar mana da igiyar nan.”

“Juma'a tana nan tafe, ya takari. Ƙofar masallaci ba ta ƙaura ba.”

“Tsohuwar nan ko abinci ba ta ci.”

“Laifin wa? Kalma ɗaya ce. Gemu na Allah ne. Yalla, faɗi mu ji.”

Sai in yi ajiyar zuciya in hau sama, in tarar da tsohuwar da ba ta cin abinci tana tsotsar ƙashin kaza tana koya wa jikanta tafi. Na ba matar mai wankin mota kalmar sirri, na ba Bazabarme, kowa ya je wajen Bangali ya samo nasa ɗan yatsan. Daddawa ta dawo da ƙarfinta. Sarki ya zare igiya, ya zauna yana jiran gaisuwa, shayi ya huce, babu wanda ya sauko. Har matarsa ta same ni a matattakala ta ce, “Yaya, ni fa ban san komai ba, amma ƙanwata tana Madina.” Na rubuta mata a tafin hannu.

A waje kuma sunan yana nasa aikin. Samarin unguwa da ke zama a gindin benenmu da jawwal suka fara ganinsa. Ko waɗanda Hausarsu ta ji kawai ce sun san abin da ya faru a Karantina. Taubashina zai fito da safe, sai a gaishe shi da ladabi fiye da kima, “Sabahal khair, ya ammi,” idanu kuwa duk a haɓarsa. Mai kanti ya fara tambayarsa ko yana buƙatar hankici. Ya rasa gane kan abin, har ranar da kafilinsa ya ba shi sabuwar jawwal irin mai kama iska. Ya zauna a falonsa yana latse-latse, abin ya fito masa ɓaro-ɓaro.

Ina kan keke a gida ranar, na ji ihu ta manwar. “Ya takari! Ya shaiɗan! Sauko!”

Na sauko a natse, da tsinken sakace a baki. Na same shi durƙushe gaban teburin talabijin, jawwal a hannun hagu, yana zare igiyoyi da dama. Ya zare ɗaya ya duba, sunan yana nan. Ya zare wata, yana nan. Ya zare tasa ta kansa. Mutanen gida suka taru a ƙofa.

Na ce, “Bawa, lafiya? Me aka rubuta? Karanta mana, ka san ni ban yi nisa a boko ba.”

Ya ce, “Wallahil azim sai na gano inda yake!”

Na ce, “Fushi kake yi? Jama'a, ku shaida, kamar fushi yake yi.”

Ya haɗiye, ya yaƙe haƙora. “Wa ya ce fushi? Dariya nake.”

Igiya ɗaya ta rage a akwatin. Daga can ƙarshen gida muryar malami tana tashi, ana tsakiyar tafsiri. Ya dubi igiyar, ya dube ni. Na ɗaga kai ina duban silin. Ya sa yatsa biyu ya zare. Sunan ya dai tsaya a jawwal ɗinsa, don akwatin yana da wutarsa, amma malam ya yi ɗif a tsakiyar aya.

Sai muka ji sanda. Ƙwas. Ƙwas. Gwaggo, wadda sallah ma a zaune take yi, ta taho tana dafa bango. Aka buɗa mata hanya. Ta tsaya a kansa, shi da furfurarsa da ke ɓoye a ƙarƙashin rini, ta ce, “Wa ya rufe wa malam baki?”

Ya ce, “Yumma, wani abu nake dubawa.”

Ta ce, “Ka duba?”

Ya mayar da igiyar da hannu biyu.

Amma ya riga ya gane. Ya bi ta har ɗakinta, ya bi igiya da ido daga bango zuwa taga, ya tsaya a kan ƙwarya. Wata 'yar koriyar fitila tana ƙiftawa ta tsagin faifai. Ya miƙa hannu. Gwaggo ta zauna a bakin gado, ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, “Ƙwaryar nan ta girme ka. Ubanka ma bai taɓa buɗe ta ba sai ya tambaya.” Hannun ya tsaya a iska, ya koma aljihu. Ya ce to gobe zai je ya sa a yanke layin gaba ɗaya, kowa ya huta. Matarsa daga bayanmu ta ce, “Yanke mu gani. Sai ka zo ka riƙa yi wa Yumma tafsirin da bakinka.”

Bai yanke ba. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi mini daɗi, kuma ina roƙon Allah Ya bar mini daɗin nan har kabari. Gida duka ya koma iska. Wannan na kan rufi da kwamfutarsa, waccan na kicin da jawwal. Mutum ɗaya ne ya rage a ɗaure da igiya kamar akuya a turke, ba ya iya matsawa daga gindin teburin talabijin, ga sabuwar jawwal a aljihu tana nuna masa gemunsa safe da yamma, ba ta kuma barinsa ya shiga. Ya aiko matarsa neman kalmar, alhali tana da ita a ka, ta zo ta sha shayi ta koma ta ce na hana. Ya aiko Bazabarme a kan a canza sunan kawai. Na ce suna in an raɗa ba a sakewa.

Daga ƙarshe ya tare ni da kansa a ƙofar gida. Ya ce, “Halas, ya ɗan kawu. Ka ci. Ba ni kalmar, ka goge abin nan.”

Tun da muke bai taɓa kirana ɗan kawu ba. Na ji daɗinsa, na adana. Na ce, “Ai ba ni ka zare wa igiya ba. Ni ɗan aike ne. Mai kalmar tana sama.”

Ya hau, yana hutawa a kowane hawa. Na bi shi a baya don kada tarihi ya wuce ni. Muka tarar da uwargida gaban gilashi, jikan yana rarrafe a kan tabarma can Kano, yana nufo kwamfutar da yawu a baki. Ya yi sallama. Ta amsa ba ta waiwayo ba. Ya tsaya. Ba ta ce ya zauna ba. Ya daɗe a tsaye yana kallon yaron ta saman kafaɗarta, har ya ce, “Masha Allah, tabarakallah.” Sannan ya gyara murya ya ce, “Hajiya, wasa ne ya yi yawa. Tsakanina da mijinki ne, ke ba ki ciki. Ki yafe, ki ba ni kalmar.”

Sai a lokacin ta juyo. Ta dube shi sama da ƙasa, babu faɗa a fuskarta.

Ta ce, “Alhaji, ni ba taubashiyarka ba ce, ban san wasa ba. Ranar nan na yi lalle. Ka je ka dawo mini da ranar sunan, in zauna in ga an ɗago mini shi a farin zane. Ka kawo ta, in ba ka kalmar.”

Ya juya ya nufi ƙofa. Yaron ya kai hannu ya mari gilashin daga can, ta juya wajensa tana cewa, “Na'am, maigida, ina jin ka, wani baƙo ne, ya tafi.”

Na riƙe masa ƙofa da ladabi, na ce ya sauka a hankali, matattakalar akwai santsi.